Tsoho Ya Yi Bankwana Sau Uku

Shekarar da kakana zai tafi Makka, sau uku ya yi bankwana da garin Argungu. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. An ɗauko Baba daga Sakkwato an kawo shi ofis a Birnin Kebbi, muka kama haya a Nasarawa, ɗaki biyu da tsakar gida wadda in akuya ta yi miƙa sai ta taɓa bango biyu. Kakan nawa, mahaifin Baba, yana can Argungu yana noman shinkafa da albasa a fadama. Tsoho nake ce masa, shi kuma uwargida yake ce mini, don ni ce babbar jikarsa mace, kuma tun ina rarrafe muke tsokanar juna.

Tsoho mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi barkono zafi. In ya shiga kasuwa, kafin ya kai ƙarshen layi ya yi faɗa da mutum huɗu da jaki ɗaya. To, malamin da ke yi wa maniyyata bita ya ja musu kunne cewa kada wanda ya hau jirgi da haƙƙin wani a wuyansa, kowa ya bi waɗanda ya taɓa ɓata wa rai ya nemi gafara. Sauran mutane wuni guda suka yi suka gama. Tsoho sati biyu ya yi yana bin gida gida. Har Gulma ya je a kan keke, wurin wani da suka yi cacar baki kan kwalekwale tun Baba bai yi wayo ba. Ya tarar mutumin ma ya manta, sai da Tsoho ya tuna masa, suka kusa sabunta faɗan, sannan suka yafi juna.

Ranar da aka kira sahunsu, mota biyu aka cika aka rako shi Birnin Kebbi, inda ake tara maniyyata kafin a kwashe su zuwa filin jirgin Sakkwato. An yi kuka, an yi addu'a, an danƙare masa jaka da yaji da kilishi da garin kunu. Kwana biyu suka yi a sansani kan tabarmi, ga zafin bazara, sai wani jami'i ya fito da lasifika ya ce jirgi bai iso ba, kowa ya koma gida ya kasa kunne ga rediyo.

Tsoho ya koma. Yara suka riƙa binsa suna cewa Alhaji ina tsaraba. Abokansa na majalisa suka ce lalle jiragen zamani sun iya sauri. Bai bar ko ɗaya bai mayar masa ba. Saboda haka da rediyo ya sake kiransu bayan kwana biyar, ya tara sababbin mutanen da zai nemi gafararsu, ya bi su a guje yana haki, aka sake rako shi, wannan karon mota ɗaya. Har Sakkwato suka kai. Da idonsa ya ga wutsiyar jirgi ta saman katanga, amma jirgin wasu ya kwasa, su aka ce su dawo. A zagaye na uku, da ya yi sallama a gidan wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ko fitowa ba ta yi ba. Daga cikin ɗaki ta ce ta yafe, har da na gaba. Kawuna kaɗai ya kawo shi a bayan babur. Da aka sake ɗagewa, Tsoho ya ce ko da igiya ba mai mayar da shi Argungu. Ya taho gidanmu da jakarsa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sanar da mu cewa daga ranar ya kulle bakinsa. Ban da sallama da salla ba zai ƙara cewa uffan ba sai ya ji shi a cikin jirgi, don ya gaji da wanke riga tana sake baƙi.

Na ji Baba yana gaya wa Inna cewa akwai ranar da ake rufe filin jirgin Jidda, in ta wuce ba a ƙara karɓar alhazai sai baɗi, kuma kwana takwas suka rage. Tsoho kuwa idonsa ya fara hazo, gwiwarsa tana ƙara in ya tashi, ya sha faɗa cewa bai san ko zai ga baɗi ba.

Gidanmu ya zama tasha. Tsoho ba ya cire rigar yadin alhazai, ƙaramar jakar fasfo tana rataye a wuyansa ko alwala zai yi. Rediyo yana manne da kunnensa, tsofaffin batura suna shanye a rana kamar kuɓewa. In injin niƙa ya tashi a bayan layi sai ya ɗaga kai sama. In hadari ya yi gurnani ma ya ɗaga. An aiko cewa ruwan shuka ya sauka a Argungu, kowa ya fita gona, shi yana zaune yana ƙirga ƙudan Nasarawa. Inna, don kunyar suruki, ta koma ratsa tsakar gida a rakuɓe kamar mai satar kaza, kuma ta daina ɗora wake, wai kada a kira su tukunya ba ta nuna ba. Baba yakan dawo daga ofis sau uku kafin azahar ya tambaya ko an ce wani abu. Ko kajinmu sun daina kwanciya wuri ɗaya.

Ni abin da ya dame ni daban ne. An kawo mini abokin faɗana har gida, sannan an ce ba ya magana. Na zauna gabansa na ci kilishin guzurinsa a hankali, ina lumshe ido. Ya dube ni, ya ja carbi. Na ce kifin Argungu duk ƙanana ne, hoto ne ke ƙara musu girma. Carbi ya ƙara gudu. Na ce in dai haka ake zaman aure to ya ba ni takardata, na samu wani tsoho mai haƙora. Sai da gemunsa ya yi rawa, amma bai tanka ba. Kwana uku ina fama, carbin nan har ya fara zafi, ban samu ko kalma ɗaya ba.

Rana ta huɗu bayan la'asar ya shiga wanka, ya bar rediyo a kan tabarma. Na kashe shi. Na ɗauko bokitin ƙarfe na Inna, na laɓe a bayan randa, na tura kaina ciki, na kumbura murya irin ta mai karanta sanarwa. Na ce ana kira ga maniyyatan Argungu da su hallara a sansani yanzu yanzu, mota tana kunne, wanda ya makara ya makara ke nan.

Ban taɓa sanin Tsoho yana iya gudu ba. Ya fito da kumfa a kunne, ya zura riga a baibai, ya saɓi babbar jakar da sai mutum biyu ke ɗagawa, takalmi ƙafa ɗaya, ya yi waje. Inna ta bi shi da ɗaya takalmin tana kuka. Mai shagon ƙofar gida ya rufe shago ya kama masa jaka, maƙwabta suka fito suna Allah ya kai lafiya. Sun kai bakin titi sannan ƙanena, wanda ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, ya ce ai Yaya ce a cikin bokiti.

Da Tsoho ya dawo ina zaune ina dariya har da riƙe ciki, ina jiran ya ce mini ja'ira kamar kullum, in ce na ci gasa. Ya ajiye jaka. Bakin da ya kulle kwana huɗu ya buɗe gaba ɗaya. Ya ce mini marar kunya, marar tausayi, wadda ba ta san darajar furfura ba. Wannan duk na saba. Amma a ƙarshe ya rage murya ya ce, "Daga yau ba ni da jika irinki. Ko gawata aka kawo kada ki zo kanta."

Na shiga ɗaki na yi kuka na gaske, ba irin wanda nake yi in ana rabon aiki ba. Baba ya dawo ya ƙara mini da nasa. Washegari na saka kayan makaranta na wuce ta gaban tabarmar Tsoho ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na iya magana. Na ga ya ɗago kai, na kau da nawa.

Wajen ƙarfe goma na safe sanarwar gaskiya ta fito. Inna ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, yadda Baba ya gaya mata. Baba ya zo a sukwane ya kai shi sansani, motoci suna cika, jami'i yana kiran suna, an ce wannan shi ne sahu na ƙarshe. Tsoho ya hau, ya zauna, ya ɗora jaka a cinya. Can sai ya miƙe ya ce a ba shi hanya. Baba ya tambaye shi lafiya, ya ce ya zagi yarinya jiya, bai nemi gafararta ba. Baba ya ce ai 'yarsa ce, ya yafe a madadinta. Tsoho ya ce ba Baba ya zaga ba. Jami'in ya ce in ya sauka ba za a jira shi ba. Tsoho ya sauka, ya tari ɗan kabu-kabu, ya haye bayan babur da jakarsa a ka.

Muna cikin darasin lissafi na ji ajin ya yi tsit. Na waiga, ga Tsoho a bakin ƙofa, rigar alhazai ta jiƙe da gumi, hula ta karkace. Ya yi wa malaminmu sallama, bai jira izini ba ya taho har gaban bencina ya tsuguna. Na ji ƙarar gwiwarsa. 'Yan mata arba'in suna kallo.

"Uwargida," ya ce, "na faɗi abin da bai kamata ba. Ki yafe mini."

Shaiɗan bai gama da ni ba. Na ce sai na yi shawara.

"Yi da sauri. Mota na tashi."

Sai lokacin na gane motar gaske yake nufi, kuma a can ya baro ta saboda ni. Na ce na yafe, na yafe duniya da lahira, ya tashi ya tafi. Na riƙa tura shi da hannu biyu har bakin ƙofa. Malam ya ce kowa ya dubi allo.

Motocin sun riga sun tashi. Baba ya roƙi wani abokin aikinsa mai tsohuwar mota, suka bi su a baya, ba su cim musu ba sai a Argungu, inda aka tsaya ɗaukar ruwa. Rabin gari ya ga Tsoho yana sauya mota. Wani daga majalisa ya ɗaga murya ya ce Alhaji barka da sauka karo na uku. Baba ya ce ya ga bakin Tsoho ya buɗe, sai ya cusa gefen rigarsa a ciki ya cije, ya hau mota. A Sakkwato kuma sai da suka ƙara kwana biyu a ƙarƙashin rumfa, duk tseren nan na banza, kafin jirgi ya zo ana saura kwana ɗaya a rufe Jidda.

Baba ya dawo da saƙo. Ya ce da Tsoho zai shiga layi ya waiwayo ya ce a gaya wa uwargida shi ya nemi tasa gafarar, ita ba ta nemi tata ba.

Nan zaman ƙaya ya dawo kaina. Na gaji rediyon Tsoho da baturansa. Kullum in an zo labarin alhazai sai na manna shi a kunne, don akan faɗi waɗanda Allah ya yi wa rasuwa a can, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Na daina tsokanar kowa, har Inna ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake. Aka yi salla, aka ci nama, alhazan wasu garuruwa suka fara dawowa. Namu aka ce Talata. Muka share gida, Inna ta yi fura, Talata ta wuce. Aka ce Asabar, furar ta yi tsami muka shanye. Sau uku muna zuwa tarya muna dawowa da ƙura a ƙafa. Ni da na mai da jira abin wasa, har injin niƙa na koma ɗaga wa kai.

Ranar da ya iso da hantsi, ya rame ya yi baƙi, yana tari irin na alhazai. Ban bari ya sauke jaka ba na durƙusa a bakin mota, gaban kowa, na ce ya yafe mini zancen bokiti. Ya dube ni ta ƙasan sabon tabarau, ya ce sai ya yi shawara. Ya sha ruwa, ya gaisa da maƙwabta ɗaya ɗaya, ya tambayi Baba ko an yi noman farko, ni ina nan durƙushe gwiwata tana cin tsakuwa.

"Tashi, uwargida," ya ce. "Tun a Arfa na yafe miki. Jirgin saƙon ne bai samu tashi ba."

Kafin la'asar ya yi faɗa da mai shago kan yadda ya kama masa jaka ranar bokiti.