Ranar da Mai Guga Ya Yi wa Ango Waƙar Jana'iza

Har gobe, in aka ambaci Mai Guga a majami'ar nan, kafin a tuna da rigunan mawaƙa da ya tsufa yana gogewa kyauta, sai an fara tunawa da auren ɗan mai kantin magani.

Ranar majami'a ta cika maƙil. Amarya ta shigo tana taku ɗaiɗai kamar mai tsoron fasa ƙwai, Fasto ya ɗaga wa Mai Guga gira, alamar ya ɗauko waƙa. Aikinsa ke nan tun kafin a haifi angon: shi zai fara baiti, jama'a su amsa. Ya miƙe, ya gyara murya, ya lumshe ido, ya saki: "Ka kwanta, ɗan'uwa, aikinka ya ƙare." Waƙar da ake yi in za a sauke akwatin gawa cikin rami ke nan. Abin haushi, tsofaffin bencin baya, waɗanda kunnensu ya yi nauyi, suka karɓa da iyakar ƙarfinsu. Sai da aka binne ango a tsaye har baiti guda kafin mai ganga ya rufe su da kiɗa. Uwar amarya ta rantse wannan ba kuskure ba ne, aiko shi aka yi. Daga ranar samari suka raɗa masa suna Aikinka-Ya-Ƙare, shi kuwa in sun kira sai ya amsa, don ba mutum ne mai riƙo ba.

Abin da samarin ba su damu su tambaya ba shi ne yadda waƙar ta manne masa a baki.

Shagonsa ɗaki ne ɗaya a bakin titi: tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo, dutsen guga na gawayi, kwanon ruwan yayyafi, da igiya da ake rataya abin da aka gama. A bayan teburin akwai ƙofa da take shiga cikin gida, kullum a buɗe, saboda ta nan yake hango Mama zaune a kujerarta. Mama matarsa ce, wadda a da ita ke tsayar da hayaniyar taron mata da kallo ɗaya. Mantuwa ta fara mata da gishiri a miya, ta wuce zuwa hanyar kasuwa, ta cinye sunayen jikoki. Wata safiya ya kai mata ruwan wanka, ta gyara mayafi ta ce, "Malam, sannu da aiki. Don Allah in ka ga mijina ka ce ina nemansa."

Ya ce, "To, zan gaya masa." Ya koma shago ya ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta.

A kan guga ya gano maganin, ba da niyya ba. Yana cikin ƙunƙunin waƙoƙi, bakinsa ya faɗa kan ta jana'izar nan, sai ya ji siririyar murya daga cikin gida ta karɓi amshi. Ya leƙa. Mama ta dube shi sosai ta ce, "Baban yara, ka ci abinci kuwa?" Ashe waƙar ce ya ɗauko ranar da aka binne mahaifinta, yana saurayi mai wuya kamar na zakara, ranar da ta fara ganinsa. Komai ya zube daga kanta, wannan ta maƙale. Ya gwada waƙoƙin yabo, ya gwada ta aurensu, ko gezau. Ta kabari kaɗai ke dawo masa da matarsa, ita ma na ɗan lokacin da bai wuce na goge hannun riga ba. Don haka ya riƙa yin ta safe da yamma, har maƙwabta suka gaji da leƙowa suna tambayar wa aka rasa. Bakin da ya saba da hanya ɗaya kuwa, ko a gidan biki ita zai bi.

Bayan auren, dattawan majami'a suka zo shago su biyu, suka yi ta kewaye-kewaye kamar masu neman aron tsani. Daga ƙarshe babbansu ya ce, "Baba, ka yi wa Ubangiji hidima, lokaci ya yi da za ka huta." Aka ba wani yaro mai jita ɗauko waƙa. Rigunan mawaƙa dai ba a ce ya huta da su ba.

Bai yi fushi ba. Ranar Laraba ma ya sa wankakkiyar riga ya tafi nazarin Littafi, bayan ya roƙi matar maƙwabci ta zauna da Mama. Darasin watan a kan addu'a ne. Fasto, mutum mai kirki da son rubutu a allo, ya bayyana cewa Allah ba ya barin addu'a ba amsa: wani lokaci ya ce i, wani lokaci a'a, wani lokaci ya ce jira. Kowa ya gyaɗa kai. Mai Guga ya ɗaga hannu.

"Fasto, gafarta mini. Shi jira ɗin nan da a'a, ta yaya ake bambanta su? Don daga inda nake zaune, kamarsu ɗaya."

Aka yi 'yar dariya, ana tsammanin barkwancinsa ne na kullum. Fasto bai yi dariya ba. Ya juya allin da ke hannunsa, ya ce za su duba wannan mako mai zuwa. Mako mai zuwa aka shiga darasin baiko, wato sadakar majami'a.

Autarsu, wadda ke aure a nesa, takan bugo waya ta ce, "Baba, a ci gaba da addu'a." Yakan ce, "Ana yi, uwata." Kuma ana yin. Da ya zuba gawayi a dutsen guga yake farawa, ba dogon roƙo ba: ya daina neman a warkar da ita, ya rage farashi kamar mai ciniki da wanda ya fi shi ƙarfi. A bar masa waƙar kawai.

Ba a bar masa ba. Da farko amshin ya riƙa zuwa a makare. Daga baya ta daina amsawa, sai dai ta juyo. Wata safiya ya yi ta tun daga baitin farko har na ƙarshe, ya durƙusa gaban kujerar ya sake, Mama tana kallon ƙudan da ke yawo a kan labule. Da ya gama ta ce, "Malam, rage murya, mijina yana barci."

Yanzu shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, tana yi masa godiya irin ta baƙo. Ranar Lahadi yakan kawo rigunan mawaƙa a kafaɗa, kowace da karinta kamar wuƙa, ya zauna a bencin baya cikin tsofaffin da suka taya shi binne ango. In ana waƙa bakinsa na motsi, amma na kusa da shi ma ba ya jin komai.

Lahadin da ta wuce, ana fitowa, angon nan, wanda yanzu har ya yi tumbi da 'ya a kafaɗa, ya tare shi a bakin ƙofa yana dariya.

"Aikinka-Ya-Ƙare! Baba, ka ga dai ban kwanta ba har yanzu. Yaushe za ka sake ɗauko mana ita?"

Mai Guga ya kama ƙafar jaririyar ya girgiza, ya yi murmushi.

"Ai ko da safen nan na ɗauko ta, ɗana. 'Yan amshina ne suka yi shiru, ta cikin ɗaki da Na sama. Gobe ma zan ɗauko. Wace waƙar na iya kuma?"