Juji Biyu a Rumfar Koko

Duk wanda ya taɓa kai buhun koko rumfar ƙungiyar manoma ta Tepa, a ƙasar Asante, a shekarun baya ya san Kawu Sumina. Gajere ne, mai ƙaton kai, da 'yar wuƙa rataye a wuya kamar laya. Shi ne mai tantance koko, wannan da ake yin cakulan da shi. Kafin buhu ya hau sikeli sai ya soka masa ƙarfe ya zaro ƙwaya ɗari, ya zauna a bencinsa yana tsaga su ɗaya bayan ɗaya, yana ware mai fumfuna da mai tsiro da wadda aka yi garajen fitarwa daga ganyen ayaba tun ba ta tsimu ba. Manomi yana tsaye yana zufa yana rantsuwa da kabarin kakansa, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi. In an matsa masa sai ya ce, "Ba da kai nake magana ba, da kokon nake."

Mahaifiyarsa ta binne 'ya'ya huɗu kafin shi. Da ya zo, tsofaffi suka ce wannan karon sai an yi wa mutuwa wayo. Aka yi masa tsaga uku-uku a gefen baki, aka raɗa masa Sumina, wato juji, don in ta leƙo ta ga babu abin ɗauka. Dabarar kuwa ta ci, domin sai da ya haura tamanin.

Amma tsagar ta sha jawo masa, domin a ƙasar Asante baƙi daga arewa aka sani da tsaga. A Kumasi, yana saurayi, ya je neman aikin akawu a wani kanti da takardar gama makaranta a aljihu. Mai ɗaukar aikin ya dubi fuskarsa sau ɗaya ya ce ba sa neman mai gadi. A tasha ma an sha ce masa, "Kai ɗan Arewa, zo ka ɗauki kayan nan." Yana da maganin abin. Sai ya gyara mayafi a kafaɗa ya jero sunan dangin uwarsa da garinsu da sarkin da kakarsa ta yi wa hidima, cikin harshen Asante tsantsa, har mai maganar ya ji kunya ya ba shi haƙuri. Haƙurin nan yana yi masa daɗi ƙwarai. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba, shin wanda ba shi da dangin jerowa fa, wa zai ba shi haƙuri?

Amininsa shi ne Oteng, akawun ƙungiya, dogo mai laktaye da mataji a aljihun gaba. Kawu da Akawu, haka garin yake kiransu. Shekara talatin, duk Lahadi in an taso daga coci, za ka same su a gindin mangwaron ƙofar gidan Sumina da allon dara a tsakani, ƙwaryar bammi a gefe, ana jiran sakwara da miyar kwakwa. Oteng ɗan magudi ne na gaske. In ya ga za a cinye shi sai ya sace ƙwaya ɗaya ya jefa aljihu, wasa ya rikice, a yi ta musu har magariba. Lahadi mai zuwa ya fito da ita yana dariya ya ce a ƙarƙashin benci ya tsince ta. Mu da muka ga zamanin, har yau in mun bi ta wurin sai mun ji kamar za mu jiyo ihunsu.

Oteng yana da baki, kuma bakin yana da daɗi, shi ne matsalar. Babu ƙabilar da ba ta da laƙabi a wurinsa. 'Yan Arewa da ke ƙodago a gonakin koko su suka fi shan wuya. "Waɗannan ai adda aka halitta musu, ba alƙalami ba," in ji shi. Sumina ya yi dariya ya ce, "Akawu, ka ji tsoron Allah," ya tura ƙwayarsa gaba. Sabo turken wawa. Haka aka yi ta tafiya.

Bayan gobarar dajin da ta cinye gonaki da shekara uku, idon Sumina ya fara hazo. Ya ga in ya tsaga ƙwaya sai ya kai ta bakin ƙofa kafin ya gane launinta. Mutum ne da ba ya son a ce masa tashi, don haka ya ce wa ƙungiya ta nemi wanda zai gaje shi. Aka kafa sanarwa, mutum bakwai suka kawo takarda. Aka ce mutum uku za su zaɓa: shi, da Oteng, da shugabar ƙungiya Maame Adubea, tsohuwa mai gona uku wadda ba ta cika magana ba.

Ranar Lahadin da ta gabaci zaman, suna cikin dara Oteng ya ce, "Na ji har 'yar Ayamga ta kawo takarda. Ayamga fa, mai kula da gonar Maame. In ka ba 'yar Arewa wuƙar nan, Kawu, kada ka ƙara shimfiɗa mini allon nan." Yana faɗa yana dariya. Sumina ma ya yi dariya, amma bammin ranar bai yi masa daɗi ba. Da wasa ya juya wa Oteng baya, ya sace ƙwaya ɗaya kamar kullum ya tafi gida.

Ranar Talata aka zauna a cikin rumfa. Duk wanda ya shigo ya fita, sai Oteng ya sunkuyo ya yi masa hatimi. Na farko daga gabas yake, "Waɗannan za su yi wa sikeli asiri." Na biyu yana ɗingishi, "Kafin ya zagaya buhu goma rana ta faɗi." Wata matar aure, "Baɗi war haka tana gida da goyo." Sumina yana jin abin yana damunsa, domin yau ba a gindin mangwaro ake ba. Kowace dariya abincin wani take ci. Duk da haka ya ci gaba da miƙa wa na gaba wuƙa.

Ta ƙarshe ita ce Atampoka 'yar Ayamga. Doguwa ce, siririya, da tsaga ɗaya daga gefen hanci zuwa kumatu. A gonar koko aka haife ta, ta gama makarantar midil a nan Tepa, harshen garin kuma a bakinta kamar ruwa. Sumina ya ba ta ƙwaya ɗari da wuƙa kamar yadda ya ba sauran. Ta tsaga, ta ware, ta jera. Can sai ta ɗauki guda ta kai hanci.

"Baba, wannan buhun a kan wuta aka busar da shi, ba a rana ba."

Sumina ya sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa. Shi ya cusa ƙwayoyin masu hayaƙi da gangan, kuma mutum shida sun wuce su ba su ji ba.

Oteng ya ga inda aka dosa. Ya jawo littafi ya ɗaga alƙalami. "To, 'yammata, sake faɗa mini sunan nan a hankali, kada ya karya mini alƙalami. Atam me?"

"Atampoka, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. Yana da ma'ana kuwa, ko tari ne ya kama babanki ranar suna?"

"Yana da ma'ana. Juji ke nan da harshenmu."

Oteng ya kwashe da dariya har yana buga tebur. "Maame, kin ji ko? Ba ni na faɗa ba! Su da kansu sun san matsayinsu. Juji! Mu ɗauki kokon Asante mu miƙa wa juji ta tantance mana?"

Babu wanda ya taya shi. Maame Adubea ta kafa masa ido, sannan ta juya ta dubi Sumina da ke zaune a damansa. Nan ne dariyar ta maƙale masa. Shekara talatin yana kiran sunan nan safe da yamma, har ya manta sunan yana da ma'ana.

"Haba Kawu," ya ce yana gyara laktaye, "kai ai daban ne. Naka na wabi ne. Kai ɗan gida ne, kowa ya san dangin uwarka."

"Nawa ma na wabi ne, Baba," in ji Atampoka a hankali. "Uku aka binne kafin ni."

Sumina ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya tuna uwarsa, da yadda ko yana da gemu ba ta yarda ya bi hanyar maƙabarta. Ga wata uwa can a wani gari, da wani harshe, ta ji tsoro iri ɗaya ta yi dabara iri ɗaya. Wannan karon bai jero dangi ba.

"Akawu, shekara talatin ke nan kake ce mini juji ina amsawa, don na san ƙauna ce ta sa uwata ta ba ni shi. Yau na ji yadda sunan yake a bakinka in ba ni kake kallo ba. Na gabas ba ka duba aikinsa ba. Mai ɗingishi ba ka duba aikinsa ba. Ni ma haka aka yi mini a Kumasi, na ba ka labarin ka zagi mutumin har iyayensa. Yarinyar nan ta fi su duka, kuma ka sani."

"A gaban 'yar ƙodago za ka ci mini mutunci?"

"A gabanta ka ci nata."

"Ka tuna abin da na faɗa maka ran Lahadi."

"Na tuna."

Ya cire zaren daga wuyansa ya ajiye wuƙar a gaban Atampoka. Maame Adubea ta ce, "Biyu da ɗaya. Rubuta sunan, Akawu, in alƙalamin ya karye zan saya maka wani." Oteng ya rubuta, ya rufe littafi, ya fita bai yi sallama ba.

Ranar Lahadi Sumina ya shimfiɗa allo a gindin mangwaro, yana cewa harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ya zuba ƙwaya huɗu-huɗu a gurabe goma sha biyu, gurbin ƙarshe ya tashi da uku. Ya jira har sakwara ta huce. Haka Lahadi ta biyu, haka ta goma. Maƙwabta suka ce ya sa tsakuwa a madadinta ya nemi wani abokin wasa, ya ce a bar shi, mai ita zai kawo. A coci suna gaisawa, gaisuwar da ake yi wa surukin da ba a so. Sau biyu Sumina ya aika dattawa, Oteng ya ce shi ba ya gaba da kowa, aiki ne ya yi masa yawa.

Atampoka kuwa ta riƙe bencin. Da farko wasu manoma suna wucewa da buhunansu wata rumfa, har suka lura an daina dawo da kokon Tepa daga tashar jirgin ruwa saboda rashin kyau. Daga baya su ne masu cewa ai tun tana yarinya suka ga alama. Takan leƙo Sumina da doya ko kifi busasshe, ta ce, "Takwara, ina kwana?" Ya ce, "Takwara, yaya rumfa?" Wannan kaɗai yake sa shi dariya irin ta da.

Shekara tara aka yi haka, sai Oteng ya kwanta ciwon kwana biyar ya rasu. Sumina ya ɗaura jan mayafi da baƙi na makoki ya zauna a sahun gaba, ya yi kuka bai ɓoye ba. Bayan an yi arba'in, matar marigayin, Afrakoma, ta zo gidansa da wani abu ƙulle a bakin zane.

"A aljihun kwat ɗinsa na coci na same ta," ta ce. "Duk Lahadi in an taso sai ya ce mini in wuce gida, yana zuwa. Ya tafi har mararrabar gidan nan ya tsaya, ya juyo. Na yi magana har na gaji, Kawu. Ka san abokinka."

Sumina ya karɓi ƙwayar. Ta yi sumul saboda shafa. Ya sa aka ɗauko allon, ya lalubi gurbin ƙarshe ya jefa ta.

Atampoka tana wurin ranar. Da Afrakoma ta tafi sai ta ce, "Takwara, ni na raba ku. Ka yi nadama ko?"

"Na yi," ya ce. "Amma ba ta ranar ba. Da tun farkon da ya fara zancen nan a gindin bishiyar nan na ce masa ya bari, lokacin maganar tana ƙarama, da ya zage ni na zage shi, a kawo sakwara mu ci, shi ke nan. Ni na yi ta yi masa dariya shekara talatin, sannan rana ɗaya na tsayar da shi a gaban mutane."

Ya zauna yana shafa guraben da yatsa, huɗu-huɗu, duk sun cika. Can ya rufe allon ya ce ta shigar masa da shi ɗaki. Ba a sake fitowa da shi ba.