Akwatin da Ya Ɗauki Kaka

A shekarata ta biyu a Landan na sayi kyamarar, a wani shagon gwanjo da ke Old Kent Road. Ƙirar Jamus ce tun kafin yaƙin duniya na biyu, mai ido biyu: na sama na dubawa, na ƙasa na ɗauka. Ba a kai ta fuska. Daidai ciki ake riƙe ta, mutum ya sunkuya ya leƙa gilashin da ke samanta. A wannan zangon na fi karanta tarihinta a laburare fiye da darasina.

Lokacin kuɗin man fetur ne. Kawuna, babban ma'aikacin gwamnati, ya kawo kakata asibiti a Marylebone, ya kama hayar gida a kusa. Likita bai ɓoye mana ba, ciwon ba na tashi ba ne. Ga shi Kaka ba ta da hoto sai na fasfo, wanda ta ɗaure fuska a ciki.

Kawu ya ɗauko sabuwar kyamararsa 'yar Japan ya saita ta. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni ba za a tsare ni da ido ana walƙa mini wuta ba," in ji ta.

Na ciro tawa daga jaka. Kawu ya harare ta.

"Wannan akwatin fa? Gwamnati ta turo ka karatu, ka koma tonon bolar Turawa? Ajiye, karɓi wannan."

Tun da nake ban taɓa yi masa musu ba. Amma ran nan na ce, "A'a Kawu, da tawa zan ɗauka."

Na durƙusa gaban Kaka, kaina a sunkuye kan gilashin. Ta sassauta mayafin don ta ga abin da nake yi.

"Kai mijin banza, gaishe ni kake, ko allura ka yar?"

A gilashin nan hagu dama take komawa. Na karkata inda bai kamata ba, na yi tangaɗi, ta fashe da dariya. Na danna.

Kawu bai ƙara yi mini magana ba har suka koma gida. Bayan rasuwarta ya aiko wasiƙa mai layi uku, yana son hoton. Na wanke masa babba na aika. A bayansa na rubuta irin kyamarar da ƙasar da aka ƙera ta, na ja layi a ƙarƙashi. Fim ɗin kuwa bai bar hannuna ba.