Jitar Nasiru Da Na Kulle A Ɗakin Gyaɗa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi ina wurin aikina a Ƙaraye, wan matar ƙanena ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya Bello, sai haƙuri. Nasiru ya cika da safen nan." Ya ce zazzaɓi ne, kwana tara yana kwance. Ni kuwa ko labarin rashin lafiyar ban ji ba. Kafin in isa Rogo Sabon Gari an yi masa wanka, an suturta shi.

Ni da Nasiru uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Mahaifinmu dagaci ne a ƙauyenmu, muka taso cikin gidan da ake auna kowane taku da mizanin abin da mutane za su ce. Ni na ɗauki wannan tarbiyya har na wuce gona da iri. Shi kuwa ya kafa rumfa kusa da kasuwar Rogo, yana gyaran rediyo da fanka da fitilun sola. Idan tsohuwa ta kawo masa rediyo, da kansa yake mayar mata har gida, ya tsugunna ya kamo mata tashar da take so. Ba ya zubar da ko ɗan ƙaramin noti. Yakan ce, "Abin da ya lalace bai mutu ba, mai gyara ne bai iso ba."

Shekara uku da suka wuce ya yi odar jita mai aiki da lantarki, irin wadda ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa da kansa. Ta iso a kwali cikin motar haya daga Kano: gangar jiki ta farin katako, dogon wuya, tsirkiya shida, da ƙullin wayoyi da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Bai iya kiɗa ba. A waya ya ga ana haɗawa, abin ya shiga ransa. Na tarar da shi wata rana da na je gaishe da mahaifiyarmu, wadda take zaune a gidansa, yana goge katakon da sanfefa a gindin darbejiya. Na ce wannan wane irin aikin banza ne. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, katako ba ya rufa asiri. Duk inda ka yi masa ha'inci da sanfefa, ranar shafa launi zai tona ka."

Launin ne ya fi ba shi wahala. Ya ƙi na kanti, ya ce ja irin na fatar dukawa yake so. Ya samo karan dafi daga wata gona a Gwangwan, ya jiƙa, ya tace, ya shafa da tsumma. Shafar farko ta fito dabbare-dabbare, gefuna suka sha suka yi baƙi, tsakiya ta ƙi kamawa. Ya kankare duka ya koma farko. Matarsa Hauwa ta ce sau huɗu ya yi haka, har yatsunsa suka rine, abokan ciniki suna tambayarsa ko lalle ya ƙunsa. A karo na biyar ya ɗan jiƙa katakon da ruwa tukuna, ya bi shi a hankali, shafa bisa shafa, sannan ya rufe da man ƙyalli na kafintoci. Ya liƙe wayoyin da dalma, ya ɗaura tsirkiya. Wata biyar aikin ya ci.

A cikin watannin nan mahaifinmu ya rasu, ni kuma na shiga neman gadon sarautarsa. Wata Juma'a bayan masallaci ina zauren gidana a Ƙaraye tare da dattawa shida waɗanda nake neman goyon bayansu, sai ga Nasiru a babur, da abu a naɗe cikin zane. Ya durƙusa ya gaishe da kowa, ya ce, "Yaya, na gama. Na ce kai za ka fara gani." Ya warware zanen. Ban taɓa faɗa ba sai yau: abin ya yi kyau. Ja ne mai zurfi, jijiyoyin katakon suna bayyana a ƙarƙashinsa. Ya jona ta da wata 'yar lasifika mai batir, ya taɓa tsirkiya ɗaya, sautin ya cika zauren.

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Ashe gidan marigayi har da makaɗa." Aka yi dariya. Maimakon in kare ɗan'uwana, sai na tashi, na zaro takardar kuɗi daga aljihu, na liƙa masa a goshi kamar yadda ake yi wa maroƙa. Na ce, "To, maroƙi, an gode. Sai ka wasa mu." Dariyar ta ƙaru. Takardar ta faɗo kan cinyarsa, bai taɓa ta ba. Na karɓe jitar na ce za ta zauna a wurina sai an yi naɗi, kada ya ƙara zubar mana da mutunci. Ya ce, "To, Yaya." Ya ninke zanen, ya yi sallama da dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Na jefa jitar a ɗakin da nake ajiye buhunan gyaɗa na kulle. Aka yi naɗi, wani aka ba, ba ni ba. Haushin rashin ya sa na ɗora wa Nasiru laifi, ko da yake na san ba shi ya jawo ba. Sau uku ya tambaye ni jitar, kowane karo cikin ladabi, bayan doguwar gaisuwa. Na farko na ce makulli ya ɓace. Na biyu na ce ba ni da lokaci. Na uku na ce, "Mai 'ya'ya uku, ba ka jin kunya?" Duk da haka bai fasa zuwa gaishe ni da Sallah ba, kuma shi ya haɗa mini solar gidana da hannunsa.

Damina biyu ta wuce a kanta. Da na buɗe ɗakin don fitar da gyaɗa, na ga rufin ya yi yoyo daidai inda take. Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi tsatsa, gara ta cinye bayan. Na san halin da take ciki sarai lokacin da na aika masa cewa ya zo ya ɗauki kayansa. Ya zo da murnarsa, da wancan zanen a hannu. Ya ɗaga ta, ƙasa ta zubo daga cikinta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya goge gaban da babban yatsa ya ce, "Launin dai bai tashi ba." Ya jingine ta a bango, ya ce a gaishe da mutanen gida. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, wata biyar kafin rasuwarsa.

A zaman makoki mutane suka yi ta riƙe hannuna suna cewa na riƙe ƙanena kamar uba. Ranar uku na shiga wajen Hauwa, na tambaye ta ko ya bar wata magana a kaina. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, bai taɓa ambatonka da sharri ba." Na fara hamdala, sai ta ƙarasa: "Tun ranar da ya dawo daga Ƙaraye bai sake ambatonka ba. Da ciwo ya yi tsanani na ce in kira ka, ya ce kada a dame ka."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Nasiru, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba mahaifiyarmu da Hauwa haƙurin wannan rashi, Ka raya marayun da ya bari, Ka haɗa su da masu tausayin da ubansu bai samu a wurina ba. Ni kuma na san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ga shi mai shi ya tafi. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi wa Nasiru addu'a tukuna. In da saura, ya tuna da ni. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.