Rigar da Ta Karkace a Kafaɗar Dama

Cikin duk kwanakin da na yi a sana'ar ɗinki, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da na kusa kayar da ɗaliba a jarrabawa saboda ta fi ni fahimtar aiki. Ku da kuke koyo a hannuna kun san ba na son a gyara mini magana, to ku saurara, yau ni ce zan gyara kaina.

Na yi shekara goma sha biyu a wani kamfanin ɗinkin kayan ma'aikata a birni, daga mai sa maɓalli har na zama shugabar masu yanka, sannan na dawo gida Dakoro na buɗe shagona. Da wata jami'a ta buɗe sashen ɗinki da zanen tufafi, sai ta kafa komite na masu sana'a don su riƙa ba ta shawara kan abin da za a koyar. Mu biyar aka kira. Biyu daga Dakoro muke, ni da Baba Illo, tsohon telan da ke bakin kasuwa tun ina yarinya.

A zaman farko kowa ya ba da tarihin aikinsa. Ni na jero muƙamaina har da diplom, ban rage komai ba. Da aka zo kan Baba Illo, wanda bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, sai ya ce, "Ni dai tela ne. Keke ukku na kashe, ga na huɗu ina bisa." Aka yi dariya. Ni kuwa a raina na ce an kawo shi ne don cika kujera.

Ga yadda tsarin yake. Ɗaliban shekarar ƙarshe sukan yi wata uku a shagon wani tela, abin da ake kira istaj. A ƙarshe kowa zai ɗinka wa mutum na gaske riga, ya kawo ta tare da takardar awo, wadda ke nuna faɗin kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu da sauransu. Sai malamin sashe da 'yan komite su duba. Wanda ya faɗi, sai ya sake shekara.

Bayan damina aka turo mana ɗalibai, kuma aka sa jarrabawarsu a shagona don ya fi fili. Shugaban sashen, Mushe Sani, kamar yadda muke kiran malaman boko, ya zo da kansa. Ta ƙarshe a layi ita ce Rabi, 'yar Kornaka, wadda ta yi istaj wajen Baba Illo. Mahaifinta shekara uku ya yarda ta yi tana karatun, ya ce ba ƙari. In ta faɗi, gida za ta koma hannu biyu.

Rabi ta sa rigarta a jikin mutum-mutumin gwaji. Atamfa ce shuɗiya, ɗinkin ya yi tsaf, amma kafaɗar dama ta fi ta hagu faɗi, hammatar dama ta fi zurfi, bayan rigar kuma ya fi gaban tsawo. Na ɗauko metir, igiyar awon da ba ta barin wuyana, na auna. Bambancin kafaɗun ya kai yatsa biyu.

Mushe Sani ya ce, "Ina takardar awonki?"

Ta ce, "Mushe, ban ga mai rigar ba. Tana daji wajen Azagor. Mijinta ya kawo tsohuwar rigarta ranar kasuwa, ya ce a yi irinta."

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Matan karkara da yawa ba sa zuwa awo, tsohuwar riga suke aikowa. Amma a wurina ko aike aka yi, sai a shimfiɗa, a ninka biyu, a yanka daidai wa daida. Na ce, "Babu takarda, riga kuma ta karkace. Wannan ba ta wuce ba." Mushe Sani ya ɗauki alƙalami. Rabi ta sunkuyar da kai.

Sai Baba Illo ya ce, "Mushe, dakata kaɗan. Ɗiyata, miƙo tsohuwar."

Rabi ta ciro ta daga jaka. Riga ce da ta sha wanki har launinta ya gudu. Baba ya juya ta ciki waje, ya shimfiɗa a teburina, ya ce mata, "Hwaɗa masu abin da kika gani. Ni ban sa maki baki ba."

Da murya ƙasa-ƙasa ta fara. Ta nuna hammatar dama, maho uku ne a kan juna, ta hagu kuwa lafiya lau. Ta ce wannan mace da hannun dama take jan guga, rijiyoyin can kuma masu zurfi ne, don haka kafaɗar ta buɗe. Ta nuna wuyan rigar ta baya inda zare ya saki, ta ce bayanta ya fara ranƙwafawa, rigar na hawa sama, shi ya sa ta ƙara tsawon baya. Ta ce da ta kwafi rigar yadda aka yanka ta, da a wuri guda za ta sake yagewa.

Na ji kunya ta fara kama ni, amma ban sauka ba. Na ce, "Baba, wannan ai hasashe ne. Jami'a ba ta ba da diplom a kan hasashe."

Ya ce, "Gaskiyarki, Madam. To mai rigar tana cikin gari, ta taho sunan jikanta gobe. Ke mace ce, ga metir a wuyanki. Tahi ki auno ta."

Mushe Sani mutum ne mai adalci. Ya ajiye alƙalami ya ce zai jira.

Muka ɗauki sabuwar rigar muka tafi ni da Rabi. Muka tarar da mai rigar, Inna Tamo, a tsakar gida tana tsince gero. Da ƙyar ta yarda na sa mata metir, tana cewa ita ba buhu ba ce. Na auna hagu, na auna dama, na sake aunawa don ban yarda da idona ba. Yatsa biyu ne cif. Ta shiga ɗaki ta sa rigar ta fito. Abin da ya karkace a jikin mutum-mutumi ya zauna mata daram. Ta ɗaga hannun dama sama, ta sauke, ta sake ɗagawa, sannan ta ce, "Wagga ba ta cizo na a hammata. Wa ya hwaɗa maki?"

Rabi ta ce, "Rigarki ce ta hwaɗa mani, Inna."

Da muka koma, ni na cika takardar awon da hannuna, na sa hannu a ƙasa, na ce wa Mushe Sani kuskuren nawa ne. Rabi ta wuce. A zaman komite na gaba na nemi a sa darasin duba tsohuwar riga cikin karatun sashen, kuma Baba Illo ne zai koyar. Aka amince. Na je na ba shi haƙuri kan abin da na raya a raina tun ranar farko. Ya yi murmushi ya ce, "Na sani, ai kallonki bai ɓoye ba."

Abin da na koya shi ne, mutanen da muke wa ɗinki aiki ya riga ya taɓa jikinsu, kuma tsofaffin teloli irin su Baba Illo sun san haka tun kafin a buɗe wani sashe. Ina girmama mutumin nan ƙwarai.

Yanzu Rabi na da shagonta a Kornaka. Bara na aika mata tsohuwar rigata, wai in gwada ta, ban ba ta awo ko ɗaya ba. Da sabuwar ta iso, na shimfiɗa na auna, sai na ga ta sauke kafaɗar hagu da yatsa guda. Na sa ta, ta zauna mini yadda riga ba ta taɓa zama ba. Shekara talatin ina jingina gefe guda a kan keke, ina ɗinka wa kaina kaya da metir a wuya, ban san kafaɗata ta sauka ba.