Kalmar da Baffa Ya Kawo Gonar Albasa

Jiya na ji wata kalma ta fito daga wayar 'yata, tana kallon katun na Japan: "Gambatte!" Sai da na ajiye kofin shayina.

Kalmar Baffa ce, yayan mahaifina. Wurin wani mutumin Japan ya samo ta, lokacin da suke haƙa rijiyoyi a wajen Mokolo, ya kawo mana ita gonarmu ta bakin kogin Binuwai, nan Garwa. In rana ta take, bokitin ban ruwa ya fara yanka mana hannu, sai ya ɗaga murya: "Gambatte!" Wato ku dage. Dole mu amsa da "Gambarimasu," za mu dage. Akwai ta uku, "gambatta", wato an yi iya yi. Wannan ba ya faɗinta sai buhun ƙarshe ya hau mota.

Daminar da kogi ya shiga rumfar da muka adana albasa, ni da shi muka tsaya cikin laka har gwiwa, warin ruɓa na hawa mana kai. Na ce, "Baffa, gambatte ke nan?"

Ya kalli ruwan. "A'a, ɗana. Gambatta."

Bai sake shuka ba har ya rasu. Ni na sake shukawa, kogi ma ya sake cinyewa. Ƙannena duk sun watse, bana ko iri ban zuba ba.

'Yata ta ga yadda na yi, ta ce, "Baba, ka san ma'anarta ne?" Na ce mata na manta.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa inda ya je ba a ce wa kowa ya dage.