Kaskon Garwashi a Ƙarƙashin Motar Lantarki

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi, ni da maƙwabcina, wani malamin makaranta ɗan Filato. Jos muka nufa mu ɗauko mahaifinsa. Yanar ido ta kusa rufe wa tsohon gani, kuma wata bakwai yana jiran layin aiki a wani asibiti a Kano. An ba shi washegari ƙarfe biyu na rana, in ya kuskure sai a mayar da shi ƙarshen layi.

Motata ta lantarki ce, na cika ta fam a gida. Hanya ba laifi har Kwanar Ɗangora, amma daga Tudun Wada ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Dajin Falgore a tsorace muka ratsa shi saboda 'yan fashi. Sai a Saminaka muka saki jiki muka ci waina da miyar taushe, yara sun kewaye motar suna neman salansar fitar hayaƙi.

Hawan Jos ya cinye caji, da kyar muka shiga gida da azahar. Na jona ta a soket ɗin baranda, na lissafa kafin safe ta ƙoshi. Sanyin Jos ne ban sa a lissafin ba. Jama'a, namu na Kano wasan yara ne! Ashe idan batir ya yi sanyi, sai mota ta ɗumama shi tukuna, kuma ɗumamar ce ke lashe rabin 'yar wutar da soket ke bayarwa. Da asuba na tarar tana wani gurnani ƙasa-ƙasa, caji kuwa ko kashi sittin bai kai ba.

Baba ya ji ni ina mita. Tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana jigilar dankali zuwa Kano. Ya ce, "Sanyi take ji, ɗana." Na ce haka ne Baba, mu ƙara mata awa biyu. Na shiga ciki shan shayi.

Ƙaurin roba ne ya fito da ni a guje. Kasko na gani cike da garwashi jajir, an tura shi daidai ƙarƙashin batir, yadda direbobin zamanin da suke yi wa tankin gas idan ya daskare. Innalillahi! Na kwanta rub da ciki na janyo shi, robar ƙasan motar har ta fara ɗiga. Ban san sanda na daka tsawa ba: "Wane marar hankali ne zai ƙona mu?"

Daga bakin ƙofa Baba ya ce, "Ni ne."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Motar kuma ta kunna jar fitila, ta ƙi karɓar caji sam. Da abin da ke ciki muka kama hanya, zuciyata na raya min batir zai kama da wuta.

Na kashe hita da rediyo, muka duƙunƙune cikin barguna. Gangaren Jos ya ɗan mayar mana da caji, na riƙe tafiyar hawainiya har masu kabu-kabu suna wuce mu suna dariya. Duk bayan tafiya kaɗan sai na tsaya na leƙa ƙasa ina shinshinawa. Maƙwabcina yana addu'arsa, ina tawa. Baba kuwa hannunsa na cikin bargo tun Jos.

Ƙarfe ɗaya da kwata muka shigo Na'ibawa, allo na nuna kashi biyu. Cunkoson Unguwa Uku ya ƙarasa ta, ta mutu murus a gefen titi. Wani mai adaidaita ya ji bayani, ya roƙi fasinjojinsa suka sauka, muka cusa Baba. Ta lungunan Tarauni ya bi da mu, har yanzu ban san wasunsu ba. Saura minti shida muka isa.

Wajen auna jini ne ma'aikaciyar ta ce ya miƙo hannu. Yatsu uku sun tashi sun yi ruwa. Ashe da kansa ya lalubo garwashin, don kada ya katse mana shayi. Hawaye suka zubo min. Na durƙusa na ce, "Baba ka yafe min."

Ya ce, "Tashi, direba ba ya kuka a gaban fasinja."

An yi aiki lafiya, alhamdu lillahi. Da yamma aka janyo min motar gida da igiya, makaniki ya ce robar kawai ta ci wuta. Abin da na koya: in za ku kwana a garin sanyi, ku ninka lokacin caji, kuma ku gaya wa mutanen gida cewa wannan motar ita ke ɗumama kanta. Da na tsaya na yi wa Baba bayanin minti ɗaya, da bai ƙona hannunsa saboda ni ba.